Aikin Ofis a Madubin Kabet

Ranar da Alhaji Maliki ya shigo da kwamfutar nan gidansa na Abakpa, matarsa Rahmatu ta zaci tire ya sayo mata. Faɗinta ya kai na tiren da ake jera wa baƙi shayi, jakarta ma da ƙyar zif ya rufe. Ya ɗora ta a teburin cin abinci, ya buɗe, fuskarta ta haske rabin falon. Sannan ya kira 'ya'yansa biyu, Nafisat da ƙanwarta Bara'atu, ya tsayar da su a gabansa.

"Wannan da kuke gani kayan aiki ne," in ji shi. "Aikin ofis ya yi yawa, dole in riƙa ƙarasawa a gida. Duk wadda ta taɓa, ni da ita ne."

"To, Abba," suka ce, idanunsu na kan abin kamar za su cinye shi.

Ba laifinsu ba ne. Shekara biyu ke nan babu talabijin a gidan. Nafisat ce ta faɗi lissafi a jarrabawa, Alhaji ya ɗora laifin a kan kallo, ya sauke talabijin daga bango da hannunsa wata ranar Juma'a, a gaban ƙannensa biyu da suka zo gaisuwa, ya ce muddin shi ne mai gidan nan an gama kallon shirme a cikinsa. Ya bayar da ita kyauta, ya karɓe wayoyin yaran ya ba su ƙanana masu tocila. Nafisat ta ci jarrabawar da shekara ta zagayo, amma magana ta riga ta fita a gaban ƙanne. Alhaji Maliki kuwa, mataimakin darakta mai shekara ashirin da shida a aikin gwamnati, bai taɓa janye takardar da ya sa wa hannu ba, balle maganar bakinsa.

Abin dariyar shi ne, shi dokar ta fara ci. Gidan ya yi masa shiru, ya rasa abin yi da yammacinsa, sai ya tsiri zuwa majalisa a ƙofar shagon wani abokinsa a Unguwar Sarki. Da ya yi La'asar ya fice, sai bayan Isha'i. Rahmatu ta koma ganin ƙeyar mijinta ta fi ganin fuskarsa, abin kuma yana cinta ƙwarai, ko da yake ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

To, ranar da kwamfuta ta zo bai fita ba. Ya zagaya teburin sau biyu kamar baƙo mai neman alƙibla, ya zaɓi kujerar da ke jingine da kabet, inda babu wanda zai iya giftawa ta bayansa. Ya zauna yana fuskantar falon, bayan kwamfutar na kallon iyalinsa, ya toshe kunnuwa da iyafis, ya haɗe gira. Dabara ce mai kyau, sai dai ya manta wane irin kabet ne. Na jeren auren Rahmatu ne, mai ƙofofin gilashi, kuma bayan tangaran ɗin da aka jera a ciki madubi ne tun daga sama har ƙasa. Shekara ashirin da biyu yana wucewa ta gabansa bai taɓa tsayawa ya dube shi ba, don a wurinsa kayan mata ne.

A rana ta huɗu Bara'atu na kwance a kafet tana aikin makaranta, sai Rahmatu ta ga biro ya tsaya a hannunta. Yarinyar ta rarrafo ta manna baki a kunnen uwarta.

"Umma, aikin ofis ɗin Abba yana kuka."

Rahmatu ta ɗaga kai. Ta saman kafaɗar Alhaji, tsakanin farantai biyu masu furanni, ga wata doguwar mata tsaye cikin ruwan sama tana rusa kuka.

Ranta ya ɓaci. Shekara biyu! Shekara biyu tana kallon bango da ƙusoshi huɗu a jikinsa, tana jin labarin finafinai a bakin mata a gidan suna tana murmushin yaƙe, ashe mai dokar ya samo wa kansa hanya. Har ta yunƙura za ta tashi, maganar da za ta faɗa ta riga ta hau harshenta. Sai idonta ya sauka daga madubin zuwa fuskar mutumin. Bakinsa a ɗan buɗe, girar da ya haɗe ta warware, yana ta gyaɗa kai a hankali yana tausaya wa doguwar matar. Rabonta da ganin wannan fuskar tun yana zuwa zance gidansu da aron mashin. Ta dubi agogo, biyar da rabi, kuma ga shi a gida. Ta koma ta zauna.

"Rufe bakinki," ta ce wa Bara'atu ƙasa-ƙasa. "Matsa can, kin tare ni."

Da ya tafi sallar Magariba ta tara su a kicin ta kafa tata dokar. Ba dariya, ba salati, ba zuba ido wuri ɗaya kamar mayu. Kowa ta riƙe abin yi a hannu. Nafisat ta ce ai kamata ya yi a nuna masa an gani, a ƙwato talabijin.

"Ba ki san ubanki ba," in ji Rahmatu. "Ranar da ya gane mun gani, kunya za ta sa ya rufe abin nan ya mai da shi ofis, ya koma majalisarsa. Ke ki rasa fim, ni in rasa... " Ta juya miyar da ba ta buƙatar juyi. "Kowa dai ta kama bakinta."

Daga nan aka shiga gyare-gyare, a hankali, yadda ba za a farga ba. Farantan layin tsakiya suka fara tafiya wanki ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya dawo. Kullum da safe, da motar Alhaji ta fita, Nafisat ta goge madubin da tsohuwar jarida har sai ya yi ƙara. Rahmatu ta lura hasken taga yana dusar da hoton, sai ta fara sakin labule tun ƙarfe biyar, ta ce don kada rana ta dami idon mai aiki. Hularsa ta zanna mai tsayi tana cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na kallon, don haka ta riƙa tarbarsa a ƙofa tana cire masa ita da hannunta.

"Alhaji, kai ma yana son shan iska."

Ya ji daɗin wannan sosai. Har ya faɗa wa ƙaninsa a waya, suna ji, cewa shi Allah ya ba shi iyali masu sanin darajar aiki, in ya buɗe kwamfuta ko tari ba ka ji a falon.

Gaskiya ya faɗa, ko tari ba a yi. Sun gano cewa da wani ya motsa zai tashi, yatsan Alhaji ya daki wani maɓalli, fim ya ɓace, wata farar takarda mai layukan lambobi ta fito, ita ɗin dai kullum, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Saboda haka ba mai tashi. Bara'atu ta koyi zagawa bayi tun kafin biyar. Rahmatu ta ajiye tire ɗaya na shinkafa musamman don tsinta, har sai da shinkafar ta fara ƙyalli don shan hannu. In baƙo ya yi sallama a wannan lokacin, mutum huɗu ne ke jin haushinsa, kowa a ɓoye.

Sauti kuwa babu, yana cikin kunnen Alhaji shi kaɗai. Sai suka raɗa wa mutanen sunaye. Akwai Doguwa mai kukan nan, akwai Gashin-baki mai baƙar mota, akwai wata tsohuwa da ba ta taɓa fitowa ba tare da ta zuga wani ba, suka sa mata Uwar Gulma. Labarin kuma suka riƙa ɗinka shi da kansu a kicin wajen wanke-wanke. Nafisat ta dage Gashin-baki mijin Doguwa ne da ya gudu ya bar ta. Bara'atu ta rantse yayanta ne, don ba ta taɓa ganin ya kawo mata ko fure ba. Sun yi kwana biyu ba sa magana a kan wannan. Abin da ya rage musu na hujja shi ne fuskar Alhaji: in ya yi tsaki, wanda ke magana mugu ne, in ya yi murmushi, an rama wa wani.

Wata rana aka kwantar da Doguwa a asibiti. Alhaji ya cire tabarau ya matse ido da babban yatsa.

"Hasken abin nan yana cin ido," ya ce da ƙarfi, irin na wanda kunnensa ke toshe.

"Sannu, Alhaji," in ji Rahmatu, ta miƙa masa hankici, nata idon jajir. Ya dube ta. Ta ce albasa ta yanka ɗazu.

Wata biyu aka yi a haka, kuma in za a tambayi Rahmatu, ba ta yi wata biyu masu daɗinsu ba tun yaran suna ƙanana. Rabin lokacin ma ba madubin take kallo ba. Mijinta take kallo yana dariya ba sauti, kafaɗunsa na rawa, ita da 'ya'yanta suna danne tasu a daidai wannan lokacin. Tare suke dariyar, su huɗu, ko da shi bai sani ba.

Sai Yaya Safiyya ta zo daga Zariya ganin likitan ido.

Yayar Alhaji ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye shi, kuma ita kaɗai ta rage a duniya mai kiransa Maliki gatsal. Magana ba ta kwana a cikinta. Abin da ta gani shi za ta faɗa, a gaban wanda ta gani, da muryar da maƙwabta za su amfana. Hankalin Rahmatu ya tashi da jin zuwanta, amma da ta ga tsohuwar ta shigo tana laluben ƙofa, ta gaida labule tana zaton Nafisat ce, sai ta ji sanyi a ranta, Allah ya yafe mata. Kwana biyu Yaya Safiyya na zaune tare da su a falo tana gyangyaɗi, in ta farka ta ce ita ba ta taɓa ganin gida mai kama da zaman makoki irin wannan ba.

A rana ta uku Nafisat ta raka ta suka karɓo tabarau.

Tun daga bakin ƙofa aka san an shiga uku. Ta ga yanar gizo a bayan fanka. Ta ga furfura uku a goshin Rahmatu, ta ƙirga su da ƙarfi. Ta ce ashe Bara'atu baƙa ce, ita duk shekarun nan tana yi mata kallon fara. Rahmatu ta dubi agogo, huɗu saura kwata.

"Yaya, da kin shiga ciki kin kwanta, an sha hanya."

"Na gaji da kwanciya."

"Ko Nafisat ta kai ki Hayin Banki ki gaida ƙaninki Garba da iyalinsa? Suna ta tambayarki."

"Su zo su same ni, ni ce babba."

"To ki ɗan cire tabarau ɗin, ido ya huta. Sabon abu ba a ɗora masa..."

"Shekara huɗu yana hutawa, Rahmatu. Yau aiki zai yi."

Faɗa mata gaskiya bai taso ba, don daidai yake da a ba mai shela. Hanya ɗaya ta rage, a mai da farantai su rufe madubin har ta koma Zariya. Rahmatu ta je ta ɗauko su daga ƙarƙashin gado, guda goma sha biyu, ta tsaya da su a gaban kabet. To amma jiya an tsaya ne Doguwa na tsaye a ƙofar Gashin-baki da wata ambulan a hannu, ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa. Wata biyu ana jiran wannan ƙofar. Rahmatu ta tsaya tana shawara da zuciyarta, zuciyar kuma ba ta ba ta shawarar kirki ba. Da ta ji ƙarar motar Alhaji sai ta ruga ta mai da farantan inda ta ɗauko su, ta ce a ranta ai sai a zaunar da Yaya a kujerar lungu, inda ba a hango komai.

Yaya Safiyya ta zauna a kujerar lungu minti biyu, ta ce fanka ba ta kaiwa nan, ta dawo tsakiyar doguwar kujera ta raba Rahmatu da Nafisat.

Alhaji ya dawo daga La'asar, aka cire masa hula, aka saki labule. Ya gaida yayarsa, ya ba ta haƙuri cewa akwai ɗan aikin da zai duba, ya toshe kunne. Rahmatu ta ja tiren shinkafarta. Doguwa ta ƙwanƙwasa. Aka buɗe.

Minti goma Yaya Safiyya ta kafa wa kabet ido. Rahmatu ta saci kallonta, ta ga ta miƙe wuya, ta gyara zaman tabarau, bakinta na motsi. Rahmatu ta fara addu'a a zuci, tana alkawarin azumi uku in aka wuce lafiya.

"Maliki."

Bai ji ba.

"Kai, Maliki!" Ta ɗauki matashin kujera ta wurga, ya faɗi a gefen teburin. Ya zare iyafis ɗaya da sauri.

"Na'am, Yaya?"

"Matsa kanka dama kaɗan, ka tare min yarinyar. Kuma wace irin rowa ce wannan? Kai kaɗai kake jin abin da suke cewa, ka bar iyalinka sun zuba ido kamar kurame?"

Ƙwayar shinkafa ɗaya ta faɗo daga tire, kowa ya ji saukarta.

Alhaji Maliki ya juya a hankali, kujerar na ƙara. Karo na farko a shekara ashirin da biyu ya dubi kabet ɗin matarsa da kyau. Ya ga layin tsakiya wayam babu faranti ko ɗaya. Ya ga madubi na sheƙi. A cikinsa ga Doguwa tana miƙa ambulan, ga ƙeyarsa ba hula, can baya kuma ga fuskoki huɗu a jere a doguwar kujera, uku daga ciki sun sunkuya. Yatsan nan mai saurin dukan maɓalli ko motsi bai yi ba.

Ya juyo. Kunnuwansa har sun canja launi. Ya sa hannu ya janyo murfin kwamfutar ƙasa, hasken ya bar madubin, falon ya yi duhu. Idonsa ya tafi kan makullin mota da ke gefen teburin. Rahmatu ta ga inda idon ya je. Ta san in ya ɗauki makullin nan ya fita, shi ke nan, ba zai yi faɗa ba, ba zai ƙara tada maganar ba, kuma ba zai ƙara zama a wannan kujerar ba.

Ta ajiye tiren.

"Yaya, aiki yake yi," ta ce. "Aikin ofis ne. Mu nan ba ma ganin komai."

"Ba ma ganin komai, Abba," in ji Nafisat.

"Ko Gashin-baki ba ma gani," in ji Bara'atu, yayarta ta taka mata ƙafa.

Yaya Safiyya ta dubi Rahmatu, ta dubi ƙaninta da ta goya yana zaune ya rasa inda zai sa fuskarsa a gaban 'ya'yansa. Bakinta ne ba shi da birki, amma ba wawiya ba ce. Ta cire tabarau ɗin ta juya shi gaba da baya.

"To wataƙila wannan ne," ta ce. "Dama likitan ya ce zan riƙa gane-gane kafin in saba."

Alhaji ya yi gyaran murya, bai dubi kowa ba.

"Farantan da ke nan, ina suke?"

"Wanki, Alhaji."

"Tun yaushe?"

"Wata biyu."

Ya jinjina kai kamar an kawo masa bayani a fayil. Gefen bakinsa ya motsa, ya danne shi.

"A bar su su bushe sosai."

Ya ɗaga murfin, hasken ya koma madubi. Ya ɗauki iyafis ɗin ya jujjuya shi, ya hura, ya kara a kunne, ya yi tsaki.

"Wannan abin ya lalace, kunne ɗaya yake yi. Sai dai ku yi haƙuri da ƙarar aikin."

Ya zare wayar iyafis ɗin daga jikin kwamfutar, ya ja kujerarsa dama har sai da kafaɗarsa ta fita daga madubin gaba ɗaya. Murya ta cika falon, fassarar Hausa ce ma ashe, Doguwa na magana da wata siririyar murya da ba wadda ta taɓa zaton ita ce tata. Bara'atu ta toshe baki da hannu biyu.

Yaya Safiyya ta mai da tabarau. "Wannan mai gashin bakin, wane ne shi a wurinta?"

"Bisa ga takardun da ke gabana," in ji Alhaji, idonsa a kan aikinsa, "yayanta ne. Amma ita ba ta sani ba tukuna."

Bara'atu ta yi wani tsalle a zaune, Nafisat ta ce wallahi ba ta yarda ba. Yaya ta ce ita ba ta gane komai ba, a faro mata daga farko. Alhaji ya dakatar da fim ɗin, ya ce ai abin da tsawo, sannan ya fara. Ya faro tun daga ranar da aka raba su suna yara, yana nuni da hannu, yana kwaikwayon muryar Uwar Gulma, 'ya'yansa na katse shi suna gaya masa yadda su suka fahimta, yana dariya har da buga tebur yana cewa ina, ba haka ba ne. Wata biyu shi ma yana ƙunshe da labarin nan ba shi da wanda zai ba. Rahmatu ta zuba wa mijinta ido. Daɗi ya cika ta.

Kiran Magariba ne ya tsayar da shi. Ya miƙe ya nemi hularsa, ya zura takalmi, ya wuce makullin motar a inda yake. A bakin ƙofa ya tsaya, ya ɗan juyo wajen matarsa.

"A sa min abincina a nan teburin," ya ce. "In na dawo daga masallaci za mu ƙarasa aikin."

"Allah ya dawo da kai lafiya, Alhaji," in ji Rahmatu. Ta ɗauki tiren shinkafar nan ta nufi kicin, yau dai za a dafa ta.